Tambaya: me ya sa aka hana Kroger sayen Albertsons alhali Walmart ya fi su girma?

Abban_Sadiq:

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan kowa ya wuni lafiya. Wata tambaya ce ta daɗe tana cin raina nace bari in kawo ta nan tunda akwai masana a cikinmu. Ni a jihar Washington nake zaune kusa da Seattle, shekarata ta uku kenan. Manyan kantunan cefane huɗu ne kusa da mu, Safeway da QFC suna kallon juna titi ne kawai ya raba su, sai Fred Meyer can gaba kaɗan, sai Albertsons in ka hau babbar hanya. Da na zo na ɗauka kamfanoni huɗu ne kowa da mai shi, sai wata rana maiɗakina ta aike ni tumatirin gwangwani na sayo a Safeway an rubuta Signature Select a jiki, bayan sati na shiga Albertsons na ga irinsa sak har kalar takardar, sannan na lura kayan gwangwanin QFC da na Fred Meyer duk tambarin Kroger ne a jikinsu. Ashe huɗun nan biyu ne. Kuma biyun ma so suka yi su koma ɗaya, dan a Oktoban 2022 Kroger yace zai sayi Albertsons a kan dala biliyan 24.6, aka yi ta shari'a har Disamban 2024 kotu ta ce ba za a yi ba.

Toh musu muke yi da wani abokin aikina, shi a ganinsa gwamnati zalunci ta yi, wai ko an haɗa su biyun ba su kamo Walmart a cinikin kayan abinci ba, ga Costco ga Amazon, ta yaya za ka bar giwa tana yawo ka ɗaure bijimai biyu? Na rasa amsar da zan ba shi amma zuciyata ba ta kwanta da maganarsa ba. Dan Allah wanda ya san kan abun ya warware min, kuma wannan hana majar, wato haɗewar kamfanoni biyu su zama ɗaya, sabon abu ne ko dama can ana yi?

Malam_Ɗanzariya:

Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Ba sabon abu bane, rigimar ta kusa shekara 100, kuma sai ka ji farkonta za ka gane inda abokinka ya tsaya da inda alƙalai suka tsaya.

Kafin a haifi Walmart akwai wani kamfani A&P, shine dodon 'yan kanti a Amurka. Wajen 1930 rassansa sun kusa 16,000, yana da gidajen burodinsa, yana gasa kofinsa da kansa, har masana'antar kifin gwangwani gare shi a Alaska, kaga babu wani dillali tsakaninsa da kaya dan haka yake sayarwa da araha fiye da mai shagon unguwa. Masu ƙananan shaguna da 'yan sari suka tada jijiyar wuya, jihohi da yawa suka ƙaƙaba haraji na musamman a kan masu rassa, wani ɗan majalisa daga Texas mai suna Wright Patman ya ɗau abun da zafi har aka yi dokar Robinson-Patman a 1936 wadda ta hana mai kamfani ya ba babban mai saye ragin da ya hana ƙaramin. A 1944 gwamnatin tarayya ta maka A&P a kotu, a 1946 aka same su da laifi aka ci su tarar dala 175,000. Abun da ya fi ɗaure su shine wani reshensu Atlantic Commission Company da yake sayo musu kayan gwari da 'ya'yan itace kuma yake yi wa abokan gasarsu dillanci yana karɓar la'ada, wato kana gasa da mutum kuma kuɗinka na shiga aljihunsa.

Sai 1950 aka ƙara wa tsohuwar dokar Clayton ta 1914 haƙora a kan maja, daga nan kotuna suka tsaurara sosai. Misalin da kowane ɗalibin wannan fanni yake karantawa shine na Von's Grocery. A 1960 Von's ya sayi Shopping Bag a Los Angeles, su biyun a haɗe kashi 7.5 cikin 100 kacal suke da shi na cinikin garin, amma a 1966 kotun ƙoli tace a raba su. Hujjar alƙali Hugo Black ita ce masu shago ɗaya ɗaya a garin sun ragu daga 5,365 a 1950 zuwa 3,818 a 1961, dan haka a tare abun tun bai yi nisa ba. Wani alƙalin, Potter Stewart, bai yarda ba har ya rubuta cewa shi abu ɗaya yake gani ba ya canzawa a irin waɗannan shari'u, kullum gwamnati ce ke nasara.

Daga ƙarshen shekarun 1970 iska ta juya. Su Robert Bork da malaman jami'ar Chicago suka ce dokar ba dan ta kare ƙaramin ɗan kasuwa aka yi ta ba, dan mai saye aka yi ta, in maja ba za ta tada farashi ba a ƙyale ta. Gwamnatin Reagan ta sake ƙa'idojin duba maja a 1982, shikenan ƙofa ta buɗe. Safeway ya gama haɗiye Vons a 1997, Kroger ya sayi Fred Meyer a 1999 wanda dama shi ya riga ya sayi QFC da Ralphs, Albertsons ya sayi American Stores a shekarar, sannan ya haɗe da Safeway a 2015. Ka duba ikon Allah, Vons ɗin da aka hana shi kashi 7.5 yau yana hannun Albertsons, babban abokin gasarsa a Los Angeles wato Ralphs yana hannun Kroger, da cinikin 2022 ya faɗa da su biyun sun kwana a ɗaki ɗaya.

Yanzu maganar abokinka. Inda ya kuskure shine yana lissafi da ƙasa gaba ɗaya, ita kuwa hukumar FTC mai sa ido kan gasar kasuwanci da unguwa take lissafi, dan babu mai tuƙa mota daga Seattle zuwa Arkansas sayen ƙwai. Tambayar ita ce in QFC ɗin unguwarku ya ƙara kuɗi ina za ka koma? Yanzu tsallaka titi za ka yi, in an yi maja kuwa tsallaken ma nasu ne. Kuma ba wai an manta da Walmart bane, FTC ta saka manyan rassansa masu sayar da kayan abinci a lissafin, waɗanda ta ware sune irin su Costco da sai da katin memba kuma sai ka sayi kaya da yawa, da shagunan dala masu ƙananan kayan araha, da Aldi mai kaya 'yan kaɗan, tace waɗannan ba sa maye gurbin kantin da za ka yi cefanen sati gaba ɗaya a shiga ɗaya. Mai shari'a Adrienne Nelson ta kotun tarayya a Oregon ta karɓi wannan a ranar 10 ga Disamba 2024, a ranar kuma wani alƙalin jiharku ya yanke irin nasa hukuncin, dan a Washington su biyun sun riƙe fiye da rabin cinikin manyan kantuna.

Maman_Hanan:

Malam Allah ya ƙara basira. Abban Sadiq ni ma a jihar nake, na riga ku zuwa da daɗewa, kuma akwai abu ɗaya da Malam bai taɓo ba wanda a ganina shi ya kashe cinikin nan tun kafin a shiga kotu, wato labarin Haggen. Duk wanda yake yankin nan a 2015 ya san shi.

Lokacin da Albertsons zai haɗe da Safeway FTC ta yarda amma da sharaɗin su sayar da rassa 168 a wuraren da suke maƙwabtaka da juna dan kar gasa ta mutu. Haggen wani ɗan ƙaramin kamfani ne na garin Bellingham can arewa kusa da bodar Kanada, rassansa 18 ne, shi ya kwashi 146 a tashi ɗaya ya koma mai 164 har Kalifoniya da Arizona da Nevada inda babu wanda ya san sunansa. Kamar ka ɗauki mai shago ɗaya a unguwa ka damƙa masa layi guda a Kwari kace gobe da safe ya buɗe. Ba a rufa shekara ba, a Satumban 2015 ya shiga kotu yace ya karye, aka rufe rassa, dubban ma'aikata suka rasa aiki, aka yi gwanjon shagunan kuma ka san wa ya sayi wasu daga ciki? Albertsons ɗin dai, da araha, ƙarshe ma har sunan Haggen ɗin da ragowar rassansa na asali suka koma hannunsa a 2016. Wato maganin da aka bayar dan a tsare gasa shi ya dawo ya ƙara wa babban girma.

Ina da maƙwabciya 'yar Somaliya dattijuwa da ba ta tuƙi, kantin da ke bayan gidajenmu da shi ta dogara har maganin hawan jininta a kemis ɗin ciki take karɓa, shekarun baya da aka rufe shi sai da ta koma hawa bas biyu da 'yar jakarta mai taya, in ana ruwa ni nake ɗaukarta ranar Asabar. Shi ya sa in naji ana cewa ai za a sayar da rassa ga wani kamfanin komai zai daidaita sai gabana ya faɗi, dan na ga yadda rufe kanti ɗaya yake yi wa tsoho.

Toh wannan karon ma irin tayin suka kawo, wai za su sayar wa C&S Wholesale Grocers rassa 413, da aka matsa suka ƙara zuwa 579 a kan dala biliyan 2.9, guda 124 a jiharmu kawai. Shi C&S ɗan sari ne, aikinsa kai kaya kantuna, manyan kantunan da yake gudanarwa da kansa 23 ne a lokacin. Alƙalan biyu duk suka ce ba su gamsu zai iya tsayawa a gaban Kroger ba. Wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Alhaji_na_Singa:

Salamu alaikum. Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, ɗan kasuwa ne a Kano harkar kayan masarufi nake tun ina yaron shago, amma ku bari in ɗan tsaya wa abokin nan nasa dan maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Malam kai da bakinka kace A&P araha yake sayarwa, toh laifin me ya yi wa talaka? Matar da take lissafin kuɗin cefane ina ruwanta da mai shagon da ya kasa sauke farashi? A kasuwa duk wanda ya ɗau tirela guda ba zai saya kuɗi ɗaya da mai katan goma ba, haka abun yake tun kakanni, kamfani ma ya fi son mai tirela dan mota ɗaya ce lodi ɗaya biya ɗaya. In Kroger da Albertsons sun haɗu za su sari kaya da sauƙi kamar yadda Walmart yake yi, kuma naji ance sun yi alƙawarin zuba dala biliyan 1 wajen rage farashi, me ya sa ba za a gwada su ba?

Sannan girma ba shi ke hana faɗuwa ba. Shi A&P ɗin ina yake yau? Naji ance a 2015 ya rufe gaba ɗaya kuma ba kotu ce ta rufe shi ba kasuwa ce. Mu nan ma mun gani da idonmu, lokacin da aka buɗe Ado Bayero Mall a Zoo Road a 2014 da Shoprite da Game a ciki mutane suka yi ta cewa kasuwanninmu sun mutu, yau Game ya tattara ya bar ƙasar, 'yan Afirka ta Kudu sun sayar da Shoprite ɗin Najeriya a 2021, reshen Kano ya rufe a farkon 2024, Singa kuwa tana nan ko wajen aje mota babu. Ni dai a ganina a bar kasuwa ta yi halinta.

Ummu_Leeds:

Alhaji barka da kasuwa, Allah ya ƙara buɗi. Maganar alƙawarin rage farashi ce ta sa zan sa baki dan mu a Ingila mun ji irinta. A Afrilun 2018 Sainsbury's da Asda suka ce za su haɗe, na biyu da na uku kenan a ƙasar, a haɗe za su wuce Tesco. Suka ce kayan yau da kullum za su sauka da kusan kashi 10 cikin 100, suka ce Aldi da Lidl na Jamus sun takura musu dole su haɗa ƙarfi, kusan kalma da kalma abun da Kroger ya zo yana faɗa a kan Walmart. A ranar da aka sanar ma kyamarar gidan talabijin ta kama shugaban Sainsbury's Mike Coupe yana 'yar waƙar samun kuɗi yana jiran a fara hira da shi, sai da ya fito ya ba da haƙuri. Hukumar CMA mai sa ido kan gasar kasuwanci a nan ta bi unguwa unguwa ta lissafo wurare 537 da gasa za ta ragu, banda gidajen mai da cefanen intanet, suka yi tayin sayar da rassa har 150 tace bai isa ba, ranar 25 ga Afrilu 2019 ta hana gaba ɗaya.

Matsalar alƙawari Alhaji, wa zai bi su kanta kanta yana duba kuɗin burodi bayan shekara uku? In an haɗe an haɗe, ba a mayar da ƙwai cikin ɓawonsa. Abun da yake sauke farashi a nan na gani da idona shine wani ɗan kati da ake liƙawa a kanta an rubuta an daidaita kuɗin kayan da na Aldi, tsoron kar ka tsallaka ne ya sa suka liƙa shi ba alƙawarin da suka yi wa hukuma ba.

Shi Asda dama na Walmart ne tun 1999, da majar ta rushe sai ya sayar da shi ga 'yan uwan nan biyu Mohsin da Zuber Issa na Blackburn tare da kamfanin TDR a kan fam biliyan 6.8, su ma sai da aka sa su sayar da gidajen mai 27. Kuma tun a 2003 an yi makamancin haka a kan Safeway na Ingila, aka hana Tesco da Sainsbury's da Asda saye aka bar wa Morrisons dan manyan su zama huɗu kar su koma uku.

Malam_Ɗanzariya:

Alhaji ranka ya daɗe, maganarka a kan A&P ina tare da kai fiye da rabi, masana da yawa yau suna ganin an hukunta shi ne saboda ya iya kasuwa, hukuncin Von's ma ni ina ganin an wuce gona da iri. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya girma dan ya fi kowa araha mutane suka bi shi, da wanda ya ciro kuɗi ya sayi maƙwabcin da yake hana shi ƙara farashi. Walmart yawancin girmansa a Amurka gina rassa ya yi ɗaya bayan ɗaya shi ya sa dokar maja ba ta kama shi. Kuma wani lokacin da bakinsu suke faɗa, a 2007 da Whole Foods zai sayi Wild Oats an fito da saƙon da shugabansa John Mackey ya aika wa daraktocinsa yana cewa sayen zai raba su da yaƙin karya farashi a garuruwa da dama. A shari'ar Kroger ma an karanto imel ɗin wani babban jami'insu mai kula da farashi inda ya rubuta cewa ƙarin da aka yi wa madara da ƙwai ya zarce ƙarin da su aka yi musu wajen sari.

Batun mai tirela kuwa gaskiya ne yana samun ragi, amma ragin daga jikin wa yake fita? In masu saye goma suka koma biyu manomi da mai ƙaramar masana'anta ba su da bakin cewa albarka, ma'aikaci ma haka, shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ta UFCW ta yaƙi majar, dan da in sun shiga yajin aiki a kanti ɗaya sai su ce wa mutane ku je wancan, in mai su ɗaya ne wannan makamin ya tafi. Afirka ta Kudu ta kalli abun ta wannan fuskar lokacin da Walmart ya sayi kashi 51 na Massmart a 2011, wato uwar kamfanin Game ɗin da ka ambata, an yarda amma da sharaɗin ba korar ma'aikata na shekara biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta sa a dawo da mutum 503 da aka sallama, aka kuma sa su ware rand miliyan 200 dan tallafa wa ƙananan masu kawo kaya na cikin gida. Ita dokar Patman ɗin ma an yi shekaru gwamnati ba ta taɓa ta ba sai a Disamban 2024 FTC ta kai kamfanin Southern Glazer's kotu da ita, a Janairun 2025 ta kai PepsiCo, da aka canza shugabannin hukumar suka janye ƙarar PepsiCo ɗin a watan Mayu. Singa kuwa Alhaji abun da ya tsare ta ai yawanku ne, in wani ya tsauwala sai a matsa shago na gaba, da mutum biyu ne suka mallaki layukan duka da labarin ya sha bamban. Mu ma tun 2019 muna da hukumar FCCPC da doka ta ce sai an kai mata manyan maja ta duba.

Abban_Sadiq:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi na ƙaru. Alhaji maganarka ma zan kai masa dan ya san yana da mai goya masa baya. Maman Hanan yanzu na nemo jerin rassa 124 ɗin nan da aka ce za a ba C&S ina dubawa ko QFC ɗinmu na ciki. Malam saura abu ɗaya, naga washegarin hukuncin Albertsons ya fasa cinikin ya juya ya kai Kroger ƙara a Delaware yana neman dala miliyan 600 na fasa ciniki da diyya a kai, wai Kroger bai yi iya ƙoƙarinsa wajen gamsar da hukuma ba. Shi wannan kuɗin fasawar dama tun farko ake rubuta shi a yarjejeniya ko sai kotu ta yanka?